Kunnuwan da Baba Ya Murɗa

Mahaifina bai yi karatun jami'a ba, amma shekara ashirin da uku ya yi yana aiki a jami'a. Kafin nan gyaran talabijin yake yi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai sayar da batir. Wata rana wani malamin kimiyya ya kawo masa wata na'ura da kowa ya ce ta mutu murus, Baba ya yi kwana biyu yana lalubenta har ta tashi. Malamin ya tambaye shi ko yana son aikin albashi. Haka ya shiga sashen kimiyyar haske, yatsunsa ne suka shigar da shi, ba takarda ba.

Ni ce 'yarsa ta fari, aikin jinya nake yi. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani Umma ce ta gaya mini, sauran kuwa shi ya ba ni da bakinsa bayan ya yi ritaya, guntu-guntu, yana yi yana kallon ƙasa.

A unguwa har yau Mai Talabijin ake ce masa. A wurin aiki kuwa Baba Mai Zare, don aikinsa shi ne haɗa zaren gilashi, irin wanda haske ke bi ta cikinsa. Siririn abu ne kamar gashin kai. Sai ya feɗe masa riga, ya goge shi da auduga, ya yanke bakinsa daidai, ya kawo wani bakin ya jera su a cikin injin haɗi, wuta ta narkar da su su zama ɗaya. Ɗalibai kan ɓata goma kafin su samu ɗaya mai kyau. Shi yana yi yana hira.

Mutum ne mai sanyin hali, mai barkwanci in yana cikin iyalinsa, amma akwai abu ɗaya da ke kaɗa masa hanta: a ce ana nemansa a ofis. A shekararsa ta uku da fara aiki ya ga an kori wani abokin aikinsa da aka samu ya canza lambobi a littafin gwaji. Aka kafa kwamiti, aka kira mutumin sau huɗu. Ranar ƙarshe masu gadi biyu suka rako shi har bakin get, yana rungume da kwali, kofin shayinsa da rigar aikinsa a ciki, ɗalibai na leƙe ta saman bene. Baba ne ya riƙe masa ƙofa. Ya ce tun daga ranar, duk sanda ya ga ambulan mai hatimin jami'a sai ya daɗe bai buɗe ba, ko da takardar hutu ce a ciki. Kuma bai taɓa mantawa ba cewa wancan mutumin yana da takardar shaida, shi kuwa ko ita babu.

Ɗakin da yake aiki a ƙasa yake, ba taga, sanyi kamar cikin firji. Baƙin labule a ƙofa, jar fitila a samanta, in tana ci ba mai shiga sai da tabarau na musamman. A tsakiya akwai wani ƙaton tebur na ƙarfe mai ramuka a jere. Mai ɗakin wata malama ce da kowa ke kira Dakta, wadda a haife Baba ya haife ta. Ita tana ce masa Baba, shi yana ce mata ranki ya daɗe, ta hana har ta gaji ta bari.

Su biyu suka haɗa lesar da ke kan teburin, wato na'ura mai fitar da siririn haske mai ƙarfi. Ya taɓa kwatanta mini ita da zaren ɗinkin Umma. Zare ne aka naɗe shi zobe, kusan mita ashirin, haske na zagayawa a ciki ba tsayawa. A cikin zoben akwai wani guntu mai wuyar samu, mita uku, wanda aka cuɗa gilashinsa da wani ƙarfe da ake kira tuliyam. Shi ke ƙara wa hasken ƙarfi duk zagaye. Hasken da lesar ke fitarwa ido ba ya ganinsa, amma yana ƙona takarda, guntun ne kawai ke yin wani shuɗi-shuɗi in an kashe fitila. Abin da Dakta ke nema shi ne hasken ya daina kwarara kamar ruwan famfo, ya dunƙule ya zama bugu, gajere ƙwarai, ɗaya na bin ɗaya. In haka ta samu sai su ce lesa ta kulle. Ana lallaɓa ta ne da wasu faifai uku da aka naɗa zaren a jikinsu, masu kama da kunnuwa, a kwantar da wannan, a ɗaga wancan kaɗan, har a dace. Baba yakan ce shi a jan kunne yake cin albashi.

Wata huɗu suka yi suna jan kunnen kafin ta kulle yadda suke so. Na'urori biyu ke ba da shaida. Ta farko allo ne da ke nuna bugun a jere kamar haƙoran matsefi. Ta biyu ita ke auna gajartar kowane bugu, tsohuwa ce da wani sashe ya ba su kyauta, akwai wani ɗan keke a cikinta da ke tafiya a kan sanda, kuma ya daɗe yana cijewa. Don haka Baba ya saba sa shi ya yi 'yar gajeriyar tafiya a tsakiya kawai, inda ba ya cijewa. Sai na'urar ta zana wani siririn tsini. Akwai kuma maɓallin da ake dannawa a mayar da ƙasan zanen sifiri, kamar yadda mai awo ke cire nauyin kwano. Baba ya danna, ya auna faɗin tsinin, ya rubuta. Lambar ta yi kyau har Dakta ta zauna a kujera ta riƙe baki.

Akwai wata alama da ta ɗan tsaya mata a rai a lokacin, wai launukan hasken sun bazu sumul, babu wasu 'yan ƙahonni da aka saba gani a gefe. Sau biyu ta tambaye shi ko ya tabbata da awon. Ya ce ya maimaita sau goma, abu ɗaya yake gani. Kuma gaskiya ya faɗa. Aka buga sakamakon a wata mujallar masana, a ƙarshen takardar da layi biyu na godiya gare shi. Dakta ta ba shi kwafi, Umma ta sa aka yi masa firam ta rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ta nuna masa ko bai iya karantawa ba.

Bayan wata takwas, saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya, wasiƙa ta zo daga wani dattijon farfesa na wata ƙasa. Ya ce ya gwada haɗa irin lesarsu bai samu abin da suka samu ba, kuma da yake zai zo taro nan da mako uku, zai so ya leƙo ya gani da idonsa. Dakta ta yi murna. Ta ce wa Baba a share ko'ina, a duba kowace na'ura, kada a ji kunya a gaban baƙo.

Da safiyar Talata ya kwance murfin tsohuwar na'urar awon. Ya tarar maiko ya bushe ya daskare a jikin sandar. Ya wanke, ya sa sabo, keken ya rinƙa sulɓi. Don ya gwada, sai ya kunna lesa ya saki keken ya tafi tun daga wannan ƙarshe har wancan, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo na'urar. Yana tsaye da tsumma a hannu ya ga layin ya fara hawa a hankali, yana ta hawa, ya yi wani faffaɗan tudu. Can a ƙololuwar tudun sai ga siririn tsinin nan nasa ya miƙe, sannan layin ya gangara ta ɗaya gefen. Abin da ya ɗauka ƙasa ce ya danna mata sifiri, ashe saman tudu ne.

Ba sai an fassara masa ba. Ya sha jin Dakta tana koya wa ɗalibai, tana zanawa a allo: in kun ga tsini a kan tudu, to ba bugu ɗaya mai tsabta lesa ke yi ba. Dami ne na 'yan ƙananan bugu barkatai, cukuikuye da juna, kowane zagaye da irin nasa, daga nesa ne kawai ake ganinsu kamar abu ɗaya. Bugun hayaniya suke ce masa. Tsinin ba faɗin bugun yake nunawa ba, tudun ne, kuma tudun ya fi abin da suka buga a mujalla faɗi fiye da sau ɗari.

Ya ce a cikin sanyin ɗakin nan gumi ya karyo masa har ya jiƙa wuyan riga. Ya maimaita sau uku, tudun na nan. Ya ji takun Dakta a matakala, ya yi maza ya mayar da keken gajeriyar tafiyarsa, ya danna sifiri. Ta leƙo ta ga tsini tsaf, ta ce madalla, ta wuce aji.

Ranar bai hau mota ba, da ƙafa ya dawo gida, tafiyar awa ɗaya da rabi. A hanya ba abin da yake gani sai kwali da masu gadi biyu. Wa zai yarda kuskure ne? Shi ya zaɓi faɗin awon, shi ya danna maɓallin, rubutunsa ne a littafi, an kuma tambaye shi sau biyu. Kwamiti zai tambayi takardunsa, a ce dama me ya kawo mai gyaran talabijin ɗakin bincike. Ita kuma Dakta, da wannan takardar take neman ƙarin girma, ta riga ta miƙa. Baƙon kuwa ba yaro ba ne, abu na farko da zai ce shi ne a buɗe awon duka.

Washegari ya riga kowa zuwa. Ya ɗauki fensir ya yi 'yar alama a ƙarƙashin gindin kowane kunne, inda ba mai gani sai ya durƙusa. Sannan ya murɗa su, kowanne kaɗan, ya kuma ɗaga salatif ɗin da ke riƙe da wani lanƙwashin zare ya matsar da shi kamar faɗin yatsa biyu. Ya kunna. Haƙoran matsefin suka watse, allon ya cika da zane barkatai kamar ciyawa. A tunaninsa in baƙo ya zo ya tarar lesa ba ta kulle ba, zai sha shayi ya yi musu jaje ya tafi, shi kuma ya lallaɓa ya kai ƙarshen wata goma sha huɗunsa. Da Dakta ta shigo ya ce mata haka ya zo ya tarar.

Kwana tara suka yi suna nema. Dakta ta bar ɗalibanta da aikin gida, ta tare a ɗakin tun safe har a tashi. Tana da goyo a lokacin, sai ta fita ta ba da nono a mota inda mai raino ke jira, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Tana murɗa kunne, Baba na gefenta yana kallon allo, yana faɗa mata ya yi ko bai yi ba. Sau biyu ta zo dab da alamar fensirin, haƙoran suka fara tsayawa, amma da yake ya matsar da lanƙwashin sai suka sake watsewa. Ya ce bai san wanne ya fi ba shi tsoro ba, ta samu ko kada ta samu.

A gida muka ga canji. Ya daina cin abincin kirki, ya daina tsokanar Umma. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya zabura, ya tsaya tsuru-tsuru har a ga ko wane ne. Ya ce wa Umma ta sauke firam ɗin nan, wai ƙura na ɓata shi, ta sa a durowa. Wata rana da tsakar rana sai ga shi a asibitinmu, abin da bai taɓa yi ba, wai in auna masa jini. Na auna na ga ya hau sosai, zuciyarsa na gudu kamar wanda aka koro. Na tambaye shi me ke damunsa, ya ce sanyin ɗakin aiki ne. Na ce Baba, shekara ashirin kana cikin sanyin nan. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba, ya karɓi magani ya tafi. Na tsaya a baranda ina kallonsa, sai da ya waiwaya sau biyu kafin ya tsallaka titi.

Ranar Asabar da hantsi Umma ta same shi zaune da rediyon maƙwabci a cinya, ya kwance ta tun safe bai taɓa komai a ciki ba. Ta zauna a gabansa ta ce ba za ta tashi ba sai ya faɗa mata. Ya gaya mata rabi, ya ce ya yi kuskuren awo, an buga, baƙo na zuwa. Maganar kunnuwa bai iya furta ta ba. Umma ta ce kuskure ai ba sata ba ne, ya je ya faɗa wa yarinyar nan, Dakta, tun kafin wani ya faɗa mata. Ya ce ba ta san kwamiti ba ne. Ta ce ba ta san kwamiti ba, amma ta san mijinta, kuma wanda ke zaune a gabanta saura kaɗan ta kasa gane shi.

Ranar Litinin shugaban sashe ya sauko ɗakin da kansa, don shi ma ya sa rai da zuwan baƙon. Ya tsaya bakin labule, hannu a aljihu, ya tambayi yadda abu zai lalace haka kawai. Ya kalli Baba ya ce ko dai wajen shara aka bangaje wani abu. Baba ya dafa tebur. Dakta ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ba Baba ba ne. Shekara shida muna tare, ko ƙura bai taɓa matsarwa ba sai ya gaya mini." Shugaban ya ɗaga kafaɗa ya fita. Baba ya ce da ta mare shi a wurin da ya fi masa sauƙi.

Ranar Alhamis, kwana na tara, ta zo da shawarar da ta yanke. Ta ce ta duba komai, abin da ya rage shi ne haɗin da ke bakin guntun tuliyam, wataƙila ya tsage a ciki. A yanke shi ta gefe biyu a sake haɗawa. Guntun shi ne na ƙarshe da suke da shi, kuma duk yanka sai ya rage tsawo, in tsawon ya canza ba mai tabbacin lesar za ta sake komawa yadda take. Ta san haka, shi ma ya sani. Ta kashe lesa, ta cire tabarau, idanunta sun yi ja. Ta ɗauko abin yankan ta miƙa masa, ta ce shi ya fi ta hannu.

Ya karɓa. Ya kama zaren da yatsu biyu, lafiyayyen zare wanda ya san ba abin da ya same shi. Ya kai abin yankan kusa da shi, sai ya fasa. Ya ajiye abin yankan a tebur.

"Ranki ya daɗe, kada a yanka. Ba abin da ya samu haɗin. Ni na murɗa kunnuwan."

Ta dube shi kamar ba ta ji da kyau ba. Ya faɗa mata duka, tun daga maikon da ya bushe har tudun, har fensir. Yana magana yana jiran ta yi ihu ko ta ɗauki waya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya ta kalli kunnuwan. Sannan ta ce, "Mayar da su."

Ya durƙusa ya nemo alamominsa, ya mayar da lanƙwashin inda tabon salatif ya nuna, ya kunna lesa. Ko minti goma ba a yi ba haƙoran matsefin suka tsaya cak a allo. Ya ce a lokacin ne fuskarta ta canza, da ta ga kwana taranta a cikin minti goma. Ta ce ya buɗe awon duka. Keken ya tafi, tudun ya hau, tsinin ya miƙe a kansa. Ta sa ya maimaita sau biyu, ta ɗauki hoton allon.

"Awon, laifinmu ne mu biyu," ta ce. "Na ga alama na kau da kai don lambar ta yi mini daɗi, kuma ni na sa hannu. Da ranar Talatar ka faɗa mini, da tare za mu zauna mu rubuta gyara. Amma kana tsaye a nan kana kallona kwana tara, Baba." Ta miƙa hannu. "Ba ni mabuɗin."

Ya ciro shi daga zoben mabuɗansa da ƙyar, farcensa na zamewa. Ya hau sama ya zauna a benci a farfajiya, yana kallon ƙofar ofishin shugaban sashe, yana jiran a kira shi. Har aka tashi ba a kira ba. Washegari ma haka. Mako guda ya yi yana zuwa da jaka babba wadda ba komai a ciki, don in an ce ya kwashe kayansa kada ya fita da kwali.

Abin da bai sani ba sai daga baya, tun ranar Alhamis ɗin Dakta ta rubuta wa mujallar ta ce a janye lambar, ta rubuta wa baƙon, ta kuma janye takardar neman ƙarin girmanta. Ta gaya wa shugaban sashe an yi kuskuren awo kuma ita ke da alhaki. Maganar kunnuwa ba ta gaya wa kowa ba, har yau. Abin da ta nema kawai a mayar da Baba ɗakin gwajin 'yan shekarar farko, inda ake auna nauyi da igiya da agogo. Shugaban ya yi ta faɗa, wai ta jawo wa sashe abin magana. Wasu malaman suka rinƙa kiranta Dakta Hayaniya a bayan ido.

Baƙon bai fasa zuwa ba. Ranar da ya zo aka aiko a kira Baba, don ba wanda ya san tsohuwar na'urar kamarsa. Ya ce matakalar nan goma sha shida ce, ya sauka kamar mai zuwa a yanke masa hukunci. Ya tarar da wani ɗan tsamurmurin tsoho da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Tsohon ya sa aka buɗe awon, ya daɗe yana kallon tudun, ya ce dama abin da ya zata ke nan. Sai ya juyo ya tambayi Baba, ta bakin Dakta, ko shi ne ya yi awon farko. Baba ya ce shi ne. Ya jira abin da zai biyo baya. Tsohon ya tambayi wane irin maiko ya sa wa sandar, don tasu ma tana cijewa. Daga nan ya koma kan Dakta, yana tambayar awa nawa lesar ke iya zama cikin hayaniyar ba ta watse ba, don wannan ma abin nazari ne, akwai masu nemansa takanas. Ba wanda ya sake kallon Baba. Ya tsaya jikin bango har aka ce yana iya tafiya, ya fito ya shiga banɗaki ya yi amai.

Ƙarin girman Dakta sai da ya yi jinkirin shekara biyu. A tsakanin nan ta juya bincikenta kan bugun hayaniyar, yadda ake samar da shi da gangan da yadda ake riƙe shi. Aikin na bukatar haɗin zare da yawa. Sai ta rinƙa hawowa da kanta ɗakin 'yan shekarar farko da faifan zare da injin haɗi, ta ajiye a kan bencinsa, ta faɗi abin da take so a taƙaice. Ya haɗa, ta duba kowane haɗi a gabansa, ta ce na gode Baba, ta sauka. Bai sake shiga ɗakin ƙasa ba. Ranar da aka yi masa walimar ritaya tana wani taro, ta aiko da agogon bango.

Sai bayan ya bar aiki ya gaya wa Umma sauran rabin. Ta yi kwana biyu tana ba shi abinci ba magana, a na uku ta ce Allah ya saka wa yarinyar nan, ta rufe zancen. Jininsa ya sauka amma bai koma daidai ba, har yanzu ni ke kai masa magani duk wata.

Bara aka yi wa Umma aikin gwiwa. Muna zaune da yamma sai ga Dakta ta zo dubiya, da 'yarta wadda ta fara makaranta. Baba ya miƙe tsaye har ya ture kofi. Suka gaisa, ta zauna kusa da Umma, aka yi ta maganar gwiwa da likitoci da tsadar mota. Da za ta tafi ya raka ta bakin ƙofa, ni ina bayansu da yarinyar. Ta tsaya ta ce injin haɗin ya fara ba sabon ma'aikacinsu wahala, haɗin na yin kumfa, ko ya tuna yadda yake saita ƙarfin wutar in za a haɗa zaren tuliyam da na gama-gari. Ya faɗa mata lamba, ya ce a rage lokacin kuma kaɗan. Ya ƙara da cewa a gwada a gani tukuna, kada a tsaya a kan maganarsa. Ta ce dama za ta gwada.

Washegari tun ƙarfe bakwai ya sa na nemo masa tsohon littafinsa na aljihu a cikin akwati. Ya buɗe yana bin layi da yatsa, sai na ga ya tsaya. Arba'in ya ce mata, a littafin arba'in da biyar ne. Ya ce in kira masa ita. Na ce Baba, ka bari ta isa ofis mana. Ya ce a'a, kada su riga su fara. Na buga na miƙa masa, ya riƙe wayar da hannu biyu, ya gaishe ta, ya faɗi gyaran sau biyu. Na ji muryarta ta cikin wayar tana cewa ta rubuta, tana tuƙi ne, a gaida Umma.